Layi Arba'in ɗin Sambo

Ku da kuke zuwa shagon nan ranar Asabar ku ce in koya muku kod, wato rubutun da ake ba kwamfuta umarni da shi, kusan dukkanku da magana ɗaya kuke farawa, wai yanzu abin ya yi sauƙi, mutum ya tambayi waya ta rubuto masa. Ba zan yi musu da ku ba. Zan dai ba ku labarin yadda na yi zamana a sana'ar nan, in kun gama ji kwa auna sauƙin da kanku.

Aikin da na fara taɓawa takardar cinikin gona ce, kuma a kan tafireta na buga ta, ba kwamfuta ba. Lokacin ban daɗe da barin Kiru na dawo Kwanar Dangora wurin Oga Isiyaku ba, mutumin da yake da shagon buga takardu a bakin tasha. Wani dattijo ne ya zo da shaidu biyu, ya faɗi iyakokin gonar, na buga. Da Oga ya karanta sai ya ga inda dattijon ya ce gabas, ni yamma na sa. Bai yi faɗa ba. Ya sa na sake buga takardar tun daga bisimilla, sannan ya sa na miƙe tsaye na karanta wa dattijon da shaidunsa kalma kalma. Bayan sun tafi ya ce da ni na'ura ba ta san gabas ba, ba ta san yamma ba, abin da ka ba ta shi take riƙewa, kuma ranar da rigima ta tashi ba ita za a kira ba.

Mu biyu ne a ƙarƙashinsa, ni da Sambo. Sambo ɗan wata ruga ne a Burumburum, na girme shi da shekara uku, Yaya Iro yake ce mini har yau. Da Oga ya kawo kwamfuta daga Zariya, wata mai ƙaton kai kamar talabijin, sai ya fara koya mana rubuta manhaja. Wuta ba ta zama, janareto kuma ba a tayar da shi don masu koyo, saboda haka a takarda muke rubuta kod da fensir, Oga ya karanta da jan biro a hannu. Sai wanda takardarsa ta tsira yake samun zama gaban kibod. Tawa takan dawo da ja nan da can, a ƙasa an rubuta "ka yi ƙoƙari". Ta Sambo kuwa ba ta dawowa. Oga yakan daɗe yana kallonta, ya ninke, ya sa a aljihun gaba. Shekara huɗu na yi ina jiran ranar da za a ninke tawa.

Akwai aikin wata makaranta mai zaman kanta a Bebeji. Suna son manhajar da za ta riƙa fitar da sakamakon jarrabawa daga aji ɗaya zuwa shida. Oga ya ce kowannenmu ya gwada. Ni na rubuta wa kowane aji nasa daban, shafi goma sha ɗaya, babu abin da na bari. Sambo ya kawo shafi ɗaya da rabi. Na ɗauka ragwanci ne, har na ce masa in ya gaji ya faɗa a taya shi. Nasa aka ɗauka. Amma da yake ni ne mai baki, Sambo kuwa sai ya wuni bai yi jimla goma ba, ni Oga ya tura Bebeji in saka musu in kuma koya wa malaman. Suka yi ta sa mini albarka, hedimasta ya rako ni har bakin titi yana cewa Allah ya ƙara basira. Na amsa da amin, ban gaya masa basirar waye ba.

Da Oga ya tsufa ya koma Zariya, ni ya bar wa shagon, don ni na san masu zuwa, na san yadda ake tarairayarsu. Sambo ya koma Tudun Wada ya kama ɗan ɗaki yana gyaran kwamfuta, yana kuma yi wa wasu mutanen nesa aiki ta intanet. Na ɗauka an raba gardama ke nan.

Babban aikin da na taɓa samu na wata ƙungiyar manoma da makiyaya ce mai mambobi a Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa. Sakatarensu, Malam Lawan, shi ya zo da kansa ya ce littattafan rajistarsu sun cika, gara ta ci wasu, suna son komai ya koma kwamfuta. A nan sai na ɗan yi muku bayani. A yaren kwamfutar da muka koma aiki da shi, Python, duk mutumin da aka yi wa rajista manhaja tana riƙe shi ne a matsayin abu guda, ni ƙunshi nake ce masa. A cikin ƙunshin manomi akwai suna, da gari, da gona, da abin da yake shukawa. A na masuncin Bagauda akwai suna da gari, amma maimakon gona sai kwalekwale da koma. Na makiyayi kuma da ruga. Kowane iri yana buƙatar fom ɗinsa, da jerin sunayensa da za a buga, da hanyar neman mutum a ciki.

Daɗin yaren nan shi ne kuma haɗarinsa. Kana iya ƙara wa ƙunshi sabon abu manhaja tana tsakiyar aiki, kana kuma iya sa kod ya rubuta wani kod ya tayar da shi nan take. Da na gane haka sai na ji na kai. Na gina wani abu da na sa wa suna inji: yana ɗauko guntayen rubutu daga wurare daban-daban, ya manna su kamar mai facin taya, ya mayar da su kod, ya tayar. Da shi nake fitar da fom ɗin kowa. Ya haura layi dubu huɗu, kuma duk ƙasar nan ba wanda zai iya bin sawunsa sai ni. Da ƙungiya ta shigo da mata masu turara shinkafa, mako biyu na yi ina buɗa musu wuri. Da masu zuman Doguwa suka shigo, mako uku. Malam Lawan yakan zauna a kan bencin can yana kallon allon yana girgiza kai, ya ce wannan aiki sai injiniya. Ban taɓa cewa ya daina kirana haka ba.

Wata ranar kasuwa sai ga Sambo da ƙwaryar kindirmo da mahaifiyarsa ta ba shi ya kawo mini, da filas, ɗan abin nan na ajiyar fayil da ake soka wa kwamfuta, a aljihu. Ashe shi yake gyara kwamfutar ofishin ƙungiya ta Tudun Wada, a can ya ga injina. Bayan mun gaisa, na tambayi mutanen gida da shanu, sai ya nemi izini ya saka filas ɗin. Abin da ya buɗe layi arba'in ne, ko ja ƙasa ba sai ka yi ba.

Ya ce, "Yaya Iro, na ga kai kake gaya wa manhaja abin da ke cikin kowane ƙunshi. Ai ƙunshin ya san abin da ke cikinsa. Tambayarsa kawai za a yi."

Abin da layukan suke yi ke nan. Ka ba su kowane ƙunshi, su tambaye shi sunayen abubuwan da yake ɗauke da su, su duba wanne ne rubutu, wanne ne lamba, wanne ne kwanan wata, sai su shimfiɗa fom da jeri daga amsar. Ya ba su ƙunshin masunci, fom ya fito. Ya ƙirƙiri na maƙeri a gabana, ya sa masa uwar maƙera da zugazugi, bai kai minti biyu ba fom ya fito, jeri ya fito. Babu manne-mannen rubutu, babu kod da yake haifar kod a ɓoye. Abin da yaren yake ba kowa kyauta ne ya tattara wuri guda, ya gyara masa hanya.

Na ce masa ya yi kyau, amma irin wannan a tsofaffin kwamfutocin ƙungiya nauyi zai yi, kuma aikin jama'a ba wurin gwaji ba ne. Ya ce haka ne. Ya bar mini filas ɗin ya ce in riƙe ko zai yi amfani, ya tafi neman motar Tudun Wada. Yana fita na janyo ƙofar shago da rana tsaka, abin da ban taɓa yi ba ranar kasuwa. Sau huɗu na karanta layukan nan ina neman inda ya yi tuntuɓe. Ban samu ba. Na gwada a tsohuwar kwamfutar Oga don in tabbatar da maganar nauyin da na yi, sai ya fi injina gudu. Na zare filas ɗin na jefa can ƙasan durowa cikin matattun cajoji. Da Malam Lawan ya tambaye ni daga baya, don Sambo ya taɓa yi masa maganar, na ce yaron yana da hannu a gyara, amma babbar manhaja daban take. Yaron nan a lokacin yana da 'ya'ya uku.

Muguwar shekarar ta zo ne da ciwon huhu a cikin shanu. Ƙungiya ta nemi likitocin dabbobi su zo allurar rigakafi, aka ce a kawo jerin rugage don a tsara zagaye. Malam Lawan ya zo, na danna, jeri ya fito da sunaye cike da shafuka, ya ɗauka ya tafi. Masu allura suka bi jerin nan ruga ruga suka gama suka koma. Bayan makonni sai labari ya zo cewa akwai rugage wajen Burumburum da bakin dajin Doguwa da ba wanda ya leƙa. Sun yi ta jira, don an ce musu duk mai rajista za a zo masa har gida. Kafin a farga ciwon ya shiga wasu garake, shanu sun mutu.

Kwana biyu na yi ina tona injina ban ga komai ba. Sunayen mutanen suna nan a ajiye, amma in an buga jeri sai su ɓace. Kod ɗin da yake buga jerin ba a rubuce yake a wuri guda da zan karanta ba, sai manhaja ta tashi ake manna shi, ni da na gina shi ma na kasa ganin fuskarsa. A rana ta uku Malam Lawan ya kira taro a ofishin Tudun Wada. Na tarar da Sambo a can, da wani Arɗo dattijo daga rugagen da aka tsallake, yana zaune a kan tabarma da sandarsa a gefe, ya ƙi hawa kujera.

Bayan azahar Sambo ya zauna gaban kwamfuta. Bai ma buɗe injina ba da farko. Ya ɗauko ƙunshin waɗanda suka fito a jeri da na waɗanda suka ɓace, ya sa layukansa suka tambayi kowanne abin da yake ɗauke da shi, ya jera amsoshin gefe da gefe. Kafin la'asar abin ya fito fili. Yawancin makiyayanmu suna noma, saboda haka a ƙunshinsu akwai gona. Waɗanda suka ɓace su ne marasa gona. Injina tun asali da manomi na gina shi, duk wanda zai sa a jeri sai ya nemi gonarsa. Kuma shekarun baya, wata rana da ya yi ta tsayawa yana damuna, na sa masa layi biyu cewa in ya ci karo da matsala ya tsallake ya ci gaba. Ya kuwa tsallake, bai gaya wa kowa ba.

Sambo bai ambaci sunana ba. Cewa ya yi manhajar tana neman gona a wurin kowa, kuma abu ne mai gyaruwa. Da ya tona ni a gaban mutane da na fi samun abin riƙewa. Arɗo ya saurara har aka gama, sannan ya yi magana a hankali.

"Mun ba da sunanmu, an ɗauki hotonmu. Ina so in sani, na'urar ce ta ƙi mu, ko mutum?"

Na ce, "Mutum ne, ranka ya daɗe. Ni ne."

Ya dube ni ya daɗe, ya ce Allah ya kiyaye gaba, ya ɗauki sandarsa.

Aikin ya koma hannun Sambo. Cikin wata guda ya rushe injina ya ɗora komai a kan layukansa arba'in, har Malam Lawan da kansa ya koyi ƙara sabon abu a ƙunshi ba tare da ya kira kowa ba. Ni kuwa labari ya riga ni isa ko'ina. Makarantu biyu da nake yi wa aiki suka daina kira. A tasha direbobi suna nuna shagon suna cewa ga wanda kwamfutarsa ta ɓatar da Fulani. Na koma hoton fasfo, da fotokwafi, da cike wa ɗalibai fom ɗin jarrabawa. Duk wanda ya zo yana yabon sabuwar manhajar ƙungiya, nakan ce a dai jira a gani. Abu ɗaya ƙungiya ta bar mini, buga takardunsu, don firintata ta fi tasu. Daga baya na ji Sambo ne ya roƙi a bar mini. Wannan ma ban gode masa ba.

Damina ta zagayo, aka shirya sabon zagayen allura. A wannan karon ƙungiya ta ce za a liƙa jerin sunaye a bangon ofisoshi da bakin kasuwanni, kowa ya duba da idonsa, kada a sake tsallake wani. Malam Lawan ya aiko mini fayil ɗin, na tayar da firinta. Ina tattara shafukan sai idona ya faɗa kan layin ƙarshe na dama. Ga sunan mutum, ga inda rugarsa take, ga adadin shanunsa a rubuce ɓaro-ɓaro.

Nan take na gane yadda aka yi. Likitocin dabbobi ne suka nemi a san yawan shanu don su san yawan maganin da za su ɗauko. Malam Lawan ya ƙara wannan a ƙunshin makiyayi da hannunsa, yadda aka koya masa. Layukan Sambo kuwa aikinsu su tambayi ƙunshi abin da yake ɗauke da shi su shimfiɗa. Sun tambaya, ya faɗa, sun shimfiɗa. Ku da kuka tashi a nan kun san Bafulatani ko ɗan'uwansa ba ya gaya wa adadin shanunsa, kun kuma san abin da ake fama da shi na ɓarayin shanu a bakin dajin nan. A liƙa wannan a kasuwa daidai yake da a rubuta wa ɓarawo takardar gayyata har da kwatance.

Ga kuskuren da na shekara ina nema, ya zo har teburina da ƙafarsa. Ba ni na rubuta ba, ba ni na ƙara ba, bugawa kawai aka ce in yi. Na gama bugawa. Na jera shafukan gari gari, na ɗaure da roba, na ajiye a kan kanta. Sun wuni a nan ina kallonsu. Da yamma Malam Lawan ya tsaya a kan babur ya ce ya zo karɓa, washegari da safe za a fara liƙawa daga Kiru. Hannuna yana kan ɗaurin. Sai na ji bakina ya ce tawadar firinta ta ƙare a tsakiya, wasu shafukan ba su fito ba, ya dawo jibi. Ya yi ɗan tsaki ya tafi.

Da safe na shiga motar Tudun Wada da shafi ɗaya a aljihu. Kada ku ɗauka kirki ne ya kai ni. Da kirki ne da waya ta isa. Fuskarsa nake son gani.

Na same shi yana kwance wata laftof yana gyara. Muka gaisa, na ajiye masa shafin. Ya bi da yatsa daga hagu zuwa dama, yatsan ya tsaya a layin ƙarshe. Da gangan na zaɓo shafin Burumburum, sunan baffansa ne na huɗu daga sama. Ya tambaya ko an liƙa, na ce suna shagona a ɗaure. Ya sauke numfashi, ya cire hula ya ajiye. Na ga fuskar da na zo gani, kuma ba ta ƙosar da ni kamar yadda na zata ba.

Sai ya miƙe ya ja mini kujerarsa ya ce, "Yaya, yaya za mu yi?"

Tunda muka san juna bai taɓa tambayata komai a kan kod ba. Na zauna. Amsar tana kaina tun a mota. Na ce ƙunshi ya san abin da ke cikinsa, gaskiya ne, amma bai san wa yake tambaya ba, bai kuma san bango daga ofis ba. Dole duk abin da aka ƙara ya zama a rufe, ba ya fita a jeri sai mutum ya buɗe shi da sunansa, da gangan. Layi uku na rubuta. Muka gwada, adadin shanu ya ɓace daga jerin bango, ya tsaya a na likitoci kaɗai. Na koma Kwanar Dangora na ƙona tsofaffin shafukan a bayan shago, na buga sababbi.

Daga baya Sambo ya ɗora layukansa a intanet kyauta, na ji har a wasu ƙasashe ana amfani da su. Sun zama arba'in da uku, a saman ukun nan ya rubuta sunana. Aikin ƙungiya dai bai dawo hannuna ba, kuma in ana maganar mai kod a yankin nan, shi ake nufi.

Tun daga lokacin, duk gyaran da zai yi, kafin ya saki sai ya turo mini. Nakan buga a takarda, in ajiye duk wani aiki, in bi shi harafi harafi. Sau biyu na ƙara kama shi a cikin shekarun nan, ƙananan abubuwa, kuma duk sau biyun na yi kwanaki ina jin daɗi. Bara da sallah ya zo gaishe ni, muna zaune a bencin nan yake cewa duk cikin masu amfani da aikinsa babu mai karanta shi da kula kamar ni. Na ga abin ya yi yawa, na ce masa gara ya sani, ba don Allah nake yi ba, kuskurensa nake nema.

Ya ce, "Na sani, Yaya. Shi ya sa kai nake fara turo wa."